Yadda Na Nemi Ɗan Kwikwiyo Saboda Ɗana

 Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari, domin na san wasu za su ce, ɗan liman kuma da zancen kare? To, a yi mini haƙuri a ji dalili.

Na tashi a Damagaram, a gidan da kare ba ya ƙetare zaure. Neman abinci ya kai ni Faransa, inda nake zaune da iyalina a wani ƙaramin gari kusa da Liyon. Ɗana na fari ya kai shekara bakwai ba ya haɗa kalma uku, kuma idan baƙo ya yi sallama sai ya shige bayan labule. Likitar da ke duba shi ta lura cewa duk sa'ad da ya hangi kare ta tagar asibiti sai fuskarsa ta sake, don haka ta ba mu shawara mu gwada ajiye irin wanda Turawa ke kira Golden Retriever. Asalinsa karen mafarauta ne: wani basarake, Lord Tweedmouth, ya fara fitar da irinsa a Sikotilan a 1868, don ya riƙa ɗauko tsuntsun da aka harba ba tare da ya tauna shi ba. Wannan laushin baki da haƙuri su suka sa ake amince masa da yara.

Sati biyu na yi kafin na iya buga wa Malam waya. Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke, sannan ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai an hana ajiye shi ba tare da buƙata ba. Ya tuna mini labarin Ibn Abi Zaidin, mai littafin Risala, wanda ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Game da saye kuwa ya ce malamai sun yi saɓani, amma Sahnun ya halatta kuɗin karen da aka yarda a ajiye. Ya kafa sharaɗi: kada ya shiga ɗakin salla, kwanonsa daban, kuma kada a bar shi da yunwa. Daga ƙarshe ya ce, “Tun da ka ƙudura, ka yi kamar mai sayen ɗan maraƙi. Kada ka biya sai ka ga uwar.”

Na ji, amma ban kiyaye ba. Na ga wani talla a intanet, ƴan kwikwiyo masu kyau a kan Yuro 400, alhali a wurin masu kiwo farashin ya haura dubu. Mai tallar ya ce in aika da 150 na kafin alƙalami, zai kawo mini har bakin tashar jirgin ƙasa. Da na nemi ganin uwar sai ya ce tana ƙauye wajen ƙanwarsa. Na aika. Har yau lambarsa ba ta shiga. Kunyar gaya wa uwargida ta fi mini asarar ciwo.

Daga nan na zauna na koyi abin da ya kamata in fara da shi. Dokar Faransa ta hana a raba kwikwiyo da uwarsa a sayar kafin ya cika sati takwas, kuma dole a yi masa alamar shaida. Tun daga Oktoba 2022 mai saye sai ya sa hannu a takardar alƙawarin kulawa, ya jira kwana bakwai kafin ya karɓa. Daga farkon 2024 kuma an hana kantunan dabbobi baje karnuka da kyanwoyi don sayarwa. Akwai kundin asali da ake kira LOF, wanda aka buɗe tun 1885, inda ake rubuta nasabar kare kamar yadda mutanenmu ke riƙe salsalar doki. Abin da ban taɓa sani ba shi ne wannan iri yana gadon ciwon kwatangwalo da na gwiwar ƙafar gaba da na ido. Saboda haka mai kiwo na gaskiya yakan sa a ɗauki hoton ƙashin uwa da uba kafin ya haɗa su, ya kuma nuna maka sakamakon ba sai ka roƙa ba.

Likitan dabbobi na garinmu ne ya haɗa ni da wata dattijuwa mai gona, wadda karyarta ke haihuwa sau ɗaya a shekara ko ma ƙasa da haka. Na je da shirin yin ciniki, sai na tarar ni ake yi wa tambayoyi. Gidanku yana da fili? Wa ke gida da rana? Wa zai fita da shi yawo safe da yamma har shekara goma ko sha biyu? Da na faɗa mata sharaɗin Malam na ɗauka za ta ɓata rai. Sai ta ce babu laifi a hana shi ɗaki guda, amma wannan iri ba ya jure kaɗaici, kuma in niyyata ɗaure shi a waje ne gara in koma da kuɗina. Maganar ta sosa mini rai, amma gaskiya ta faɗa. Ta ƙara da dariya cewa kada in sa rai da gadi, domin ɓarawo ma kaɗa masa wutsiya zai yi.

Na ga uwar kwance tana shayarwa, na ga takardu da katin rigakafi. Muka jira wata uku, muka biya Yuro 1,500, kusan miliyan guda na sefa, kuɗin da na tara don zuwa gida hutu. Bana ba zan ga Malam ba ke nan.

Yaron ne ya raɗa masa suna Dunƙule. Bai zama mai surutu ba, kuma har yanzu muna zuwa asibiti. Amma ranar Juma'ar da ta wuce, da Malam ya kira, ya karɓi wayar da kansa ya ce, “Kaka, Dunƙule ya ci takalmin Baba.”