Dogon da bai iso Jimeta ba

Mu 'yan Jimeta da ruwa muka tashi. Da damina idan Binuwai ta cika ta batse, manya kan zauna suna ba mu labarin jiragen kamfani da ke zuwa daga Burutu su yi lodin gyaɗa da auduga. Jirgin ƙasa kuwa sai dai a littafin makaranta. Dogon da aka ja daga Kuru ya bi ta Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964, mu ya bar mu a gefe.

Ina aji biyar Bappa ya tafi da ni Kafanchan. Muka hau babbar mota ta Numan da Cham da Kaltungo, muka kwana a tashar Gombe, kan buhunan wake. Da asuba kan jirgi ya yi kuwwa, na ƙanƙame rigar Bappa. A cikin tarago ya miƙo mini butarsa ya ce, "Riƙe da kyau, ɗana, kwana na tafe." Ai kuwa! Duk inda dogo ya lanƙwasa sai jirgi ya rage gudu, ƙafafun ƙarfe su yi ta ƙara, jikina ya zame ya daki kafaɗarsa, ruwa ya jiƙa mini wando. Ya ce Turawa sun ƙi kashe kuɗin fasa duwatsu ne, suka yi ta kewaye su.

Bayan shekaru fiye da talatin na shiga jirgin Pendolino daga Landan zuwa Manchester. Shi wannan ba ya jin tsoron kwana. Na'ura ce ke gane lanƙwasar, sai taragon ya kishingiɗa ta ciki, kamar yadda ɗan acaba ke kwantar da babur, har digiri 8, yana gudun da ya kai kilomita 200 a awa. Ta taga na ga gonaki sun karkace, amma shayin da ke gabana ko ɗigo bai zube ba. Butar Bappa ta faɗo mini a rai, idona ya cika da ƙwalla.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne labarin Queensland ta Ostireliya. Faɗin dogonsu milimita 1,067 ne, daidai da namu na Gombe. Gyara shi suka yi, kuma tun 1998 jirgi mai kishingiɗa ke zirga-zirga tsakanin Brisbane da Rockhampton da gudun kilomita 160 a awa. Ashe tsohon dogo mai kwana-kwana yana da sauran amfani, in an kula da shi.

Bappa ya rasu yana sa ran za a ja reshe daga Gombe zuwa Yola. Ni ma ban cire rai ba. Makon jiya na raka jikana tashar Jambutu zai tafi makaranta, ya shiga motar Gombe, shi kuwa bai taɓa jin kuwwar jirgi da kunnensa ba.