Yaron da Ba Ya Jiran Sarakuna

Har yanzu nakan yi mamakin yaron nan na Birmingham a shekarar 2006, ɗalibin da aka rena da kunya da kawaici, wanda ko a aji ba ya iya ɗaga hannu, ba ya haɗa ido da na gaba da shi, amma da dare ya raba sai ya kunna kwamfuta, ya zauna teburin foka na intanet, ya zama gagara-badau. Ni ne fa.

Ɗakin ɗan ƙarami ne, can saman bene. Ƙarfen ɗumama ɗaki yana ƙas-ƙas a jikin bango, fankar kwamfuta tana huci, ƙamshin shayi mai kanumfari ya cakuɗe da na yajin da Inna ta ƙulle mini a tsumma, ta tura can ƙasan adaka. Linzamin kwamfutar ya koɗe daidai inda yatsana ke zama. Akwai wani ɗan sauti da kan fito idan yi ya zo kanka, ƙyal, kamar an taɓa bakin tasa da cokali. Ko yau na ji irinsa sai gabana ya motsa.

Labarin Chris Moneymaker ne a bakin kowa, akantan nan na Tennessee da ya samu kujerar gasar foka ta shafin PokerStars, ya je Las Vegas a 2003 ya kwashe dala miliyan 2.5. Kai kuwa, yaro, teburin senti 5 da senti 10 kake zama, kuɗin da ba su fi taro da sisi ba, amma ka ɗauke su da girma.

Mutanen teburin nan masu taka-tsantsan ne. Su shida a zagaye, kowa da karta biyu a ɓoye, kowa ya naɗe hannu yana jiran a ba shi sarakuna biyu, abin da ba ya zuwa sai sau ɗaya cikin rabo 221. Kafin nan kuwa zubin dole yana zagayowa, yana gutsurar su kaɗan-kaɗan, ba sa ji. Kai ka ji. Idan ka samu kujerar mai rabo, wadda masu zubin dole kaɗai ke magana bayanta a zagayen farko, ka ga duk na gabanka sun zubar, sai ka duba hannunka: bakwai da takwas iri ɗaya, ko sarki da tara, kartar da ba ta a zo a gani ba ce kuma ba ta yarwa ba. Sai ka tura senti 30 don ka ɗauke senti 15 da ke tsakiya. Ka yi lissafin a bayan wata tsohuwar ambulan, da fensir mai cizon haƙori a gindi: in sun gudu sau biyu cikin uku ka mai da kuɗinka, abin da ya haura haka riba ne. Suna gudu fiye da haka.

In wani ya daure ya biyo ka, aka baje karta ukun farko, nan ma ka san mai karta biyu mabambanta yakan tashi ba tare da ya dace da ko ɗaya ba, wajen sau biyu cikin uku. Sai ka sake turawa, rabin abin da ke tsakiya, numfashinka a riƙe, agogon tebur yana cinye masa lokaci, kana kallon sunansa yana ƙyafta. Ya zubar. Ba wanda ya ga abin da ka riƙe.

Ka kuma san wurin tsayawa. Mutumin da ya yi awa guda bai motsa ba, ranar da ya ɗaga maka murya ya ninka zubinka, to ba wasa ya zo yi ba, sarakunansa sun iso. Sai ka sakar masa ba gardama, ka kurɓi shayin da ya riga ya huce, ka jira zagaye na gaba. A ina ka koyi wannan, kai da ko ciniki ba ka iya ba a kasuwar Rimi?

Na daɗe da barin karta. Kuɗin caca ba su da albarka, haka aka gaya mana tun muna riƙe da allo, kuma zuciyata ta koma kan maganar da kanta. Amma ba na ƙin yaron nan. A cikin sanyin ƙasar mutane, ba dangin iya ba na baba, a wurin nan ya fara gane cewa yawancin mutane tsoro ke riƙe da su, suna jiran ranar da komai zai cika kafin su motsa, ranar kuwa ba kasafai take zuwa ba. Shekaru bayan haka, da na shiga ofishin da zan nemi aikina na farko, takarduna ba su fi na sauran masu jira a benci ba, gwiwata tana rawa. Na yi sallama da ƙarfi, na fara magana.