Shirley, Unguwar da Fure Ya Kai Sunanta Duniya

Shirley unguwa ce a kudancin Landan, cikin ƙaramar hukumar Croydon, kuma ba ta cikin wuraren da mai masauki kan kai baƙonsa. Layuka ne na gidajen jan bulo, kowane gida da ɗan fili a gaba da lambu siriri mai tsawo a baya, sai jajayen motocin safa da ke kai da kawo zuwa tashar jirgin ƙasa ta East Croydon. Abin da ya rage daga zamanin da take ƙauye bai da yawa. Akwai injin niƙa mai aiki da iska da aka gina a 1854, yana nan tsaye gidaje sun kewaye shi. Akwai cocin St John, ginin dutsen ƙyastu na shekarar 1856, wanda mashahurin mai zanen gine-gine George Gilbert Scott ya tsara. Sai tudun Addington, mai tsakuwa da itatuwa, inda idan gari ya washe mutum kan hango dogayen benayen tsakiyar Landan. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kantar sayar da irin furanni, a Ingila ne ko Amurka ko Indiya, da wuya bai ga sunan unguwar nan a jikin wani ɗan ƙunshin takarda ba: fofin Shirley.

Fofi asalinsa ciyawar gona ce. Manoman alkama da sha'ir na Turai sun daɗe suna fama da shi, yana fitowa duk inda garma ta bi, ja wur, falle huɗu, sau da yawa da baƙin tabo a gindin kowane falle. Masana tsirrai suna kiran sa Papaver rhoeas. Shekara guda yake yi: ya tsiro, ya yi fure, ya zubar da iri, ya mutu. A 1880 limamin cocin Shirley, William Wilks, wanda bai fi shekara guda da zuwa unguwar ba, ya lura da wani gungu na wannan ciyawa a kusurwar lambunsa da ke iyaka da gonaki. A cikinsu akwai fure ɗaya tak da ke da siririn farin layi a bakin fallensa. Ya yi masa alama, ya adana irinsa shi kaɗai. Da shekara ta zagayo ya samu tsiro kimanin 200, huɗu ko biyar ne kawai suka fito da farin bakin nan. Ya zaɓi mafi kyawu a cikinsu ya sake shukawa, ya ci gaba da haka shekara bayan shekara. Farin yana ta shiga ciki, jan yana dushewa zuwa ruwan hoda, har aka kai ga fari fat. Daga nan ya juya kan baƙin tsakiya, ya bi shi da zaɓe har ya kawar da shi. Ƙa'idarsa ita ce fofin Shirley na gaskiya gindinsa fari ne, zaren tsakiyarsa rawaya ko fari, ba ɗigon baƙi ko kaɗan.

Wilks ya zama sakataren ƙungiyar masu lambu ta Ingila, wato RHS, daga 1888 zuwa 1920, ya kuma rasu a 1923. Gidan da ya koma bayan ya bar limanci, wanda ya sa wa suna The Wilderness, filinsa yanzu yana cikin harabar wani gidan kula da tsofaffi. Na zaga harabar cocin, na tsaya cikin tsofaffin kaburbura da dogayen itatuwa, amma abin da ya kawo ni ba a nan yake ba. Gonakin da suka yi iyaka da lambun limamin ba gonaki ba ne yanzu. Idan ana son ganin aikinsa da rai, sai a shiga bayan gidajen mutane.

Mai masaukina ya haɗa ni da wata dattijuwa maƙwabciyarsa, wadda ta yarda in shigo lambunta bisa sharaɗi guda: in zo da sassafe. A watan Yuni rana kan fito a Landan tun kafin ƙarfe biyar, don haka da na iso gari ya waye sarai, raɓa ce kawai ba ta bushe ba. Lambun bai fi faɗin tsakar gida matsakaiciya ba, an kewaye shi da shingen katako, da siririyar hanyar bulo a tsakiya. A gefe guda akwai wake da albasa da latas. Ɗaya gefen kuwa, inda rana ta fi daɗewa, fofi ne tun daga bakin ƙofar kicin har ƙarshen shinge, tsayinsa ya kai gwiwa, wasu har cinya.

Ban taɓa ganin fure mai rauni haka ba. Karansa siriri ne mai gashi, kuma ƙullin furen kafin ya buɗe a sunkuye yake, kansa ƙasa. Sai daren da zai buɗe karan ya miƙe. A gabana wani ƙulli ya tsage, koren ɓawonsa guda biyu suka faɗi, fallayen suka fito a yamutse, suka yi ta warwarewa a hankali har suka baje. Ba sa rabuwa da alamar yamutsewar nan, kuma don tsabar rashin kauri haske yana ratsa su, ta yadda fure ɗaya launinsa daban ne idan ka tsaya rana na bayanka, daban idan tana gabanka. Akwai fari mai bakin ruwan hoda, akwai ruwan hoda mai farin baki, akwai mai ɗaukar ruwan goro, akwai wasu 'yan kaɗan masu ruwan toka da ta ce daga wani iri dabam suka shigo. Manyan ƙudan zuma masu gashi sun riga mu zuwa, suna birgima a tsakiyar furen suna ƙugi. Fofi ba ya da ruwan zaƙi, garin fure kawai yake bayarwa, amma yana bayar da shi da yawa. Kafin azahar wasu fallayen sun fara zuba. Furen kwana ɗaya ne ko biyu, sai dai kowane gindi yana ta fitar da sababbi har makonni, muddin ana tsinke waɗanda suka gama.

Da na tambaye ta yadda ake shuka shi, sai ta ce yawancin masu kasawa yawan hidima ne ke kayar da su. Ta ɗauko wani ambulan daga aljihun rigarta ta zazzaga mini a tafin hannu. Irin baƙi-baƙi ne, ƙanana ƙwarai, numfashi mai ƙarfi zai iya watsar da su. Takan gauraya shi da busasshen yashi kafin ta yafa, kamar yadda manomin riɗi ke yi don kada iri ya taru wuri guda. Kafin nan ta share fangalin da manjagara ya yi laushi, bayan ta yafa kuma ba ta rufewa da ƙasa, bayan manjagarar kawai take sa wa ta ɗan danna, domin irin yana buƙatar haske kafin ya tsiro. Wanda ya binne shi ya yi asara. Ba ta sa taki, don ƙasa mai ƙarfi ganye take ba shi ba fure ba, ƙasar Shirley kuwa mai yashi da tsakuwa ce, ruwa ba ya kwanciya, abin da fofi ke so ke nan. Ba a kuma dashensa. Saiwa guda yake da ita mai nutsewa, idan aka taɓa ta tsiron ya tsumbure, shi ya sa ake yafa shi a inda zai zauna.

Sau biyu take shuka a shekara. Na watan Satumba yakan tsiro ya kwanta a ƙasa, ya ci sanyin hunturu yana ɗan ƙaramin ganye, sannan ya tashi da ƙarfi, ya fi girma, ya riga yin fure. Na watan Maris ko Afrilu ya biyo baya, ya tsawaita kakar zuwa Agusta. Cikin mako biyu zuwa uku tsiron kan bayyana, kuma a nan abokin gabarsa na farko, dodon-koɗi, ke jira, don a dare ɗaya mai laima zai iya share layi guda. Aikin da ta ce ya fi wuya shi ne ragewa. Tsiron kan fito a cunkushe, dole a cire mafi yawa a bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakanin kowane biyu. Hannu yana nauyi wajen tuge tsiro mai lafiya, amma wanda ya ji tausayi ya bar su duka zai samu sirara da fure guda-guda, su ƙare cikin 'yan kwanaki.

Sai da muka kai ƙarshen shinge na fahimci dalilin sammakon. Can kusa da tulin takin ganye wani fure ya buɗe ja wur da baƙin tabo, kyakkyawa sosai, irin na gona sak. Ba ta tsaya shawara ba ta tuge shi da saiwarsa. Ta ce idan ƙudan zuma suka kwashi garinsa suka zaga da shi, baɗi ja zai ƙaru, kuma lambun da aka bari yana zubar da irinsa ba mai zaɓe, cikin 'yan shekaru zai koma ja kamar kakanninsa. Daga nan ta ciro guntun jan zaren ulu ta ɗaura a wuyan wani fari mai siririn bakin ruwan hoda. Shi za a bari ya yi kwanso.

Wannan ne ya fi kama zuciyata a Shirley. Mukan ɗauka cewa idan aka samar da iri an gama, sai saye da shukawa. Fofin Shirley kuwa ba a gama shi ba tun 1880. Yana nan ne don kowace shekara akwai masu fita da sanyin safiya su duba fure ɗaya bayan ɗaya, su yanke hukunci, su ɗaura zare. Limamin nan bai yi amfani da wani kayan aiki da ya wuce ido da haƙuri ba, kuma abin da ya gani a kusurwar lambunsa ciyawa ce da dubban mutane suka wuce ta ba su sunkuya ba. Ina ganin irin wannan aiki ya cancanci girmamawar da ba a cika ba shi ba.

Kwanson kansa abin kallo ne. Ɗan ƙoƙo ne mai faffaɗan murfi, idan ya bushe sai ƙananan huji su buɗe a ƙarƙashin murfin, iska na kaɗa karan iri na fita. Kwanso ɗaya yana ɗauke da ɗaruruwan iri. Takan yanke shi idan ya koma ruwan ƙasa ta ji yana kacau-kacau, ta kife shi cikin ambulan na takarda, ba leda ba, don laima na ruɓar da shi. Wanda ya zube a ƙasa ma bai ɓata ba, yakan kwanta shekaru gommai yana jiran a motsa ƙasar haske ya same shi. Abin da ya faru ke nan a filayen Flanders na Beljiyam da arewacin Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, tsakanin 1914 da 1918, inda harsasan igwa da haƙar ramuka suka birkice ƙasa, jan fofi ya rufe ta. Daga nan ya zama alamar tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi, wadda mutanen Birtaniya ke maƙalawa a ƙirji gabanin 11 ga Nuwamba. A 2014 an dasa fofin tangaran 888,246 kewaye da Hasumiyar Landan, ɗaya ga kowane sojan Birtaniya da ƙasashen da take mulka da ya mutu a yaƙin. Cikin waɗanda suka yi yaƙin akwai sojojin Hausa, a Kamaru da Gabashin Afirka.

A tsakiyar fangalin albasa wani fofi dabam ya fito da kansa, dogo, ganyensa sumul mai ruwan toka, furensa babba ruwan makuba. Wannan shi ne Papaver somniferum. A Ingila ana barin sa a lambu don kyansa, kuma irinsa ne ake barbaɗawa a kan burodi. Amma daga farin ƙaron ɗanyen kwansonsa ake samun mofin da kodin, kodin ɗin nan da maganin tarinsa ya yi wa matasanmu illar da ta sa gwamnatin Najeriya ta hana sarrafa shi da shigo da shi a 2018. Na dube shi da wani ido dabam da nata. Ba tsiron da matafiyi zai ɗauko irinsa ya kawo gida ba ne, kuma mai sayen iri ya karanta sunan da ke jikin ƙunshi da kyau.

Ta yanko mini wasu na Shirley, ta zaɓi waɗanda ƙullinsu ya miƙe amma bai tsage ba, ta tsoma gindin karan cikin tafasasshen ruwa na ɗan lokaci kaɗan kafin ta sa su a ruwan sanyi. Ba don haka ba, in ji ta, da sun yi yaushi kafin in kai bakin titi. Muna shan shayi ta tambaye ni ko zai yi a ƙasarmu. Muna da ɗan'uwansa, ciyawar nan mai ƙaya da rawayan fure da rawayan ƙaro da ke fitowa a gefen rafi da rani, wadda asalinta daga Meziko take. Shi fofin Shirley zafi ne ba ya so, sanyi yake bukata ya tsiro, ya kuma gama fure kafin rana ta yi ƙarfi. A arewacin Indiya, inda zafin bazara bai gaza namu ba, masu lambu kan yafa shi a Oktoba ko Nuwamba ya yi fure a ƙarshen sanyi. Don haka na ce mata wanda zai gwada a wajenmu kada ya bi watannin da aka rubuta a ƙunshin. Ya jira damina ta ɗauke, ya yafa lokacin da masu noman rani ke shuka alkama, ya yi ban ruwa da yayyafi mai laushi don kada irin ya kwashe, kuma mutumin Jos zai fi na Sakkwato samun sauƙi.