Damargu: rijiyar gari da intanet ɗin gari

Matafiyin da ya bar Damagaram ya kama hanyar Agadas, in ya yi kamar kilomita 50 zai hangi matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011 cikin ƙasar Ollelewa. Daga nan sai gonakin hatsi, rumbuna jere a bayan gari, da garken raƙuma suna tsallake kwalta ba gaggawa, har a isa Tanut, cibiyar Damargu.

Tun zamanin da Damargu mahaɗa ce. Ta nan ayarin Abzinawa ke ratsawa daga Ayar zuwa Damagaram da Kano, su sauke gishiri su ɗauki hatsi. Bature Heinrich Barth ma ta nan ya bi a 1851. Ban da kaya, ayari labari yake kawowa: ina aka yi ruwa, ina hanya ta ɓaci, nawa hatsi yake a kudu.

Yau labarin cikin salula yake tafiya. Ɗan kasuwar Tanut ba ya ɗaure buhu sai ya ji kuɗin tiya a Damagaram da canjin naira. Ma'aikacin Belbeji, gundumar da aka cire daga Tanut a 2011, ana jiran rahotonsa a Yamai. Dukansu da kuɗin aljihu suke sayen intanet wajen kamfanonin tarho. Tun da Starlink ya soma aiki a Nijar a 2025, masu wifi na unguwa da ke sayar da tikiti sun yawaita cikin garuruwa. Sun kyauta, amma mai neman riba inda ciniki yake nan yake kafa eriya. Ɗan lakkol da ba ya da ko dala sai kallo.

Shi ya sa tambaya ta taso: shin ma'aikatar magajin gari ba za ta iya kafa nata wifi a kasuwa, da tasha, da gidan likita, ya zama na kowa da kowa ba?

Wasu biranen duniya sun gwada. Tshwane, a Afirka ta Kudu, ta buɗe wifi na kyauta a 2013 da kuɗin gari, ta yanka wa kowace waya rabonta na yini. Filadelfiya ta Amurka kuwa ta danƙa nata ga kamfanin EarthLink; da riba ta ƙi zuwa, kamfanin ya janye a 2008. Darasin ɗaya ne: kafawa aikin rana guda ne, riƙo kuwa na kowane wata.

A Damargu riƙon ya fi nauyi. Sai an biya kuɗin layi duk ƙarshen wata. Sai an share ƙurar hunturu daga faifan hasken rana, an sauya baturan da zafin bazara ke kashewa, an biya mai gadi da mai gyara. Duk wannan daga aljihun ma'aikatar da ta dogara ga haraji da tikitin kasuwa, waɗanda ke ja da baya duk shekarar da damana ba ta yi kyau ba. Bankin Duniya ya ware dalar Amurka miliyan 100 a 2020 don shirin kai sadarwa ƙauyukan Nijar da hukumar ANSI ta jagoranta, amma kowane tallafi yana da ranar ƙarewa.

Sai dai ba a koya wa mutumin Damargu yadda ake riƙon abin jama'a. Ƙasa ce mai nisan ruwa, inda dabba ke jan igiyar guga ta yi tafiya kafin wasaki ya fito. Tsarin da aka bi na famfunan karkara sananne ne: kayan na gari ne, a ba wani ɗan kasuwa riƙo bisa yarjejeniya a rubuce, mai ɗiba ya biya ɗan abin da ya sawwaƙa, a ware wani kaso don gyara. Inda aka tsare asusun gyara, ruwa na zuba. Inda aka cinye shi, mata sun koma tafki.

Haka wifi na gari zai kasance. A ba kowa ɗan rabo kyauta, mai bukatar ƙari ya saya, a lissafa kuɗin a bainar jama'a. Kuma a rubuta komi, domin shugabanni na sauyawa: a watan Afrilu na 2024 an rushe majalisun garuruwa aka naɗa kantomomi. Abin da aka rataya ga sunan mutum guda, tare da shi yake tafiya.

Don haka ranar da aka zo da maganar a Tanut ko Belbeji, kafin a tafa wa mai yanka ƙyalle, ƴan kasuwa da ma'aikata su tambaya: wa zai biya kuɗin wata na goma sha uku?