Michael Essien, mai toshe kowace ɓaraka a Chelsea

A shekarun da gidajen kallon ƙwallo suka fara cika unguwanninmu, in an liƙa jerin 'yan wasan Chelsea, ba a tambayar ko Michael Essien zai buga. Tambayar ita ce a wace lamba za a ajiye shi yau.

Chelsea ta sayo shi daga Lyon a watan Agustan 2005 kan fam miliyan 24.4, kuɗin da ba ta taɓa kashewa kan ɗan wasa ba a lokacin. Ɗan tsakiya ta saya, irin wanda zai ƙwace ƙwallo a bakin gidansu ya ja ta har gidan abokan hamayya, ana bangazarsa yana wucewa. Sai dai tun a Bastia, inda ya fara sauka a Faransa a 2000 bayan ya baro Liberty Professionals ta Accra, an saba tura shi baya. Kocin Chelsea Jose Mourinho kuwa bai yi sanya ba wajen cin moriyar wannan.

Kakar 2006/07 ce ta nuna ko wane ne shi. An sayar da William Gallas da Robert Huth, John Terry ya ji ciwo a baya, sai aka ce Essien ya koma tsakiyar masu tsaron baya. Ya koma, bai ce uffan ba. A Mestalla, filin Valencia, kuma, a watan Afrilun 2007, aka mayar da shi lamba biyu bayan hutun rabin lokaci. Daga can ɗin ya hauro a minti na 90 ya ɗirka wa gola Cañizares ƙwallo ta kusa da turke, Chelsea ta fitar da Valencia daga gasar Zakarun Turai. A kakar ce kuma ya farke wa Chelsea a wasanta da Arsenal da wata ƙwallo daga nesa wadda ta lanƙwasa ta shige raga. Magoya baya suka zaɓe shi gwarzon kulob na shekarar, kuma sun yi adalci.

Ni dai a ganina wannan biyayya ta ci shi. Ɗan wasan da ya kamata a gina tsakiyar fili a kansa ya zama abin toshe ɓaraka. Dubi wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai a Mosko a 2008: koci Avram Grant ya sa shi lamba biyu ya tare Cristiano Ronaldo, Ronaldo ya tashi a kansa ya ci da ka. Wani da tuni ya karaya. Shi kuwa ya yi ta kutsawa gaba, har bugun da ya yi ya daki 'yan bayan Manchester United ya faɗo gaban Lampard, aka farke kafin hutu.

Ranar 6 ga Mayun 2009, da aka bar shi a gurbinsa, Barcelona ta ɗanɗana kuɗarta. Minti tara da farawa ya tari ƙwallo a sama da ƙafar hagu, ta daki ƙarfen sama ta faɗa ciki. A daren ne kuma ƙwallo ta kuɓuce masa a ƙarshen wasa, Messi ya miƙa wa Iniesta, ya farke, aka fitar da Chelsea. Har yau in ɗan Chelsea ya tuno daren, alƙalin wasa Øvrebø yake la'anta, ba ka jin sunan Essien.

Gwiwa ce ta gama da shi. Ya tsinke jijiya a wasan Ghana da Libiya a 2008, wani ciwon ya hana shi Kofin Duniya na 2010, ya sake jin wani a atisaye a 2011. Daren da Chelsea ta ɗaga kofin Turai a Munich a 2012, a benci ya ƙare wasan. Watanni kaɗan bayan haka Mourinho ya karɓe shi aro a Real Madrid, can ma ya sa shi tsaron baya, dama da hagu, duk inda aka rasa mutum.