Kitsen Uwa, Rumbun Jariri

A Agye, Gazawa da Gidan Rumji, gatan mai jego kwana arba'in ne: kunun kanwa, gasasshen nama, wankan jego. Daga nan sai a manta da ita, alhali shayarwa ta kusan shekara biyu ce. Kitsen da ta tara lokacin ciki jikinta ke narkarwa ya yi nono. Da damina rumbu ya yi ƙasa, tana noma, tana daka, ita ce ƙarshen ci. Nonon bai ƙafewa da wuri, uwar ce ke zubewa. Mun gani a yunwar 2005, kuma ina gani a ajina: ɗan shekara takwas da jikin ɗan biyar. Maigida, auna mata gero da wake kafin ka kai kasuwa.