Watanni takwas da Mubi ta yi tana jira

Warin kyankyandin Kawu ne ke fara zuwa mini, warin tamfol da ya sha ruwan wata ƙasa, gauraye da na tabar gari da kafur. A ƙusa yake rataye can ƙuryar ɗaki, idan ya sauke shi sai mu kewaye shi muna leƙe: bargo mai kaushi, gwangwanin sigari cike da anini da kwabo mai huji, lambobin yaƙi da ƙyallensu ya koɗe, da wani cokali da bai taɓa yarda an ci abinci da shi ba. Kawu yana cikin mazan jiya. A 1943 aka kwashe su a jirgin ruwa daga Ikko zuwa Indiya, daga can suka kutsa dazukan Bama wajen kogin Kaladan, kaya a ka, suna yi wa Sarkin Ingila yaƙi da Japan. Ya dawo da tari, da kunne guda da ba ya ji sosai. Kafin ma a haife ni Indiya ta fita daga hannun Ingila a 1947, Bama ta bi ta a 1948, amma a wurina Bama wata unguwa ce a bayan duwatsun Mandara, inda Turawan Kawu ke zaune har yanzu suna jiran ya koma.

Ina mamakin kaina a lokacin, yaron nan mai gajeren wando da faso a ƙafa, wanda ya ɗauka tare aka halicci Di'o da duwatsun bayan gari. Ya ga hoton Sarauniya a bangon aji, ya gan ta a jikin sule, ya ga 'yan doka suna ƙamewa idan motar bariki ta wuce, to me zai sa ya yi zaton abin yana da ranar ƙarewa? Kakata ce kaɗai ba ta ɗauki Bature da nauyi ba. Da idonta ta ga tafiyar Jamus tana budurwa, saboda haka idan mun cika ta da labarin bariki sai ta ci gaba da kaɗinta, mazari na juyawa a kan tasa, ta ce, “Baƙo raɓa ne, jikana.”

A watan Nuwamba na 1959 maza suka je suka jefa ƙuri'a, aka tambaye su ko za su bi Arewacin Nijeriya ko a dakata tukuna. Mutum 70,546 suka ce a dakata, 42,788 suka ce a bi. Na tuna muryoyin zaurenmu a daren, aci-balbal tana hayaƙi, ana ta maganar haraji da jangali da hakiman da ake turo mana daga Yola, ni kuwa ina raɓe a bakin ƙofa da kwanon kunun gyaɗa da aka aike ni in kai, har ya huce a hannuna. Kamaru ta samu 'yancinta ranar 1 ga Janairu 1960. Nijeriya ta samu nata ranar 1 ga Oktoba, muka ji shagalin Ikko a rediyon wani mai kanti, batir na ja da baya, murya na zuwa tana tafiya. Gabas da mu sabuwar tuta, yamma da mu sabuwar tuta. Mu kuma amana ce a hannun Ingila.

Watanni takwas muka yi a haka, kuma su ne watannin da Mubi ta fi ganin Turawa a iya sanina. An kawo mana wani dattijon Bature, Sir Percy Wyn-Harris, wanda ya yi gwamna a Gambiya, aka ce a 1933 ya kusa kaiwa ƙololuwar Everest, dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya. Mu yara sai mu dubi namu duwatsun mu ce lallai saboda su ya zo. Ga kuma baƙin Majalisar Ɗinkin Duniya, shugabansu Dokta Djalal Abdoh mutumin Iran, motocinsu na tayar da jar ƙura suna ratsa Yadzaram zuwa ƙauyukan Fali da Gude, muna bin su a guje don mu shaƙi warin fetur. Kawu ya yi ta sauraron ranar da zai ji begila. A ganinsa ba a taɓa yin babban al'amari babu fareti. Sojan Ingila da aka kawo suna can kudu, wajen Buea da Bamenda, mu dai 'yan doka ne da dogarai.

Abin da ya fi zauna mini shi ne Inna. A ƙuri'a ta biyu, ta zaɓi tsakanin Nijeriya da Kamaru, an ce har da mata, aka bi gida-gida ana rubuta su, aka ba ta 'yar takarda. Ba ta iya karanta boko ba, amma ta naɗe ta a tsumma ta sa a ƙasan adudu, tare da tsakiyar aurenta da kwalbar turare ɗan goma. Ranar 11 da 12 ga Fabrairu 1961 aka yi, hunturu bai gama tafiya ba, azumi saura 'yan kwanaki. Ta yi lalle, ta ɗaura zanen saƙi mai warin baba wanda sai sallah take fito da shi, ita da Goggo suka fita tun hazo bai washe ba. Akwati biyu ne a bayan zana, kowanne da launinsa. Da ta dawo Kawu ya tare ta a tsakar gida.

“Wanne kika jefa wa?”

“Yaya, ai an ce sirri ne.”

Har ta koma ga Allah ba ta faɗa wa kowa ba. Dangin mahaifiyarta suna Burha da Garwa a Kamaru, na mijinta suna nan, kuma sai da na girma na gane nauyin da ta ɗauka ita kaɗai a bayan zanan nan.

Nijeriya ta samu ƙuri'a 146,296, Kamaru 97,659. Ranar 1 ga Yuni, bayan babbar sallah da kwanaki, ƙasa na ƙamshin ruwan farko, muka zama Lardin Sardauna, Mubi ce hedikwata. A can ƙetare shugaban Kamaru Ahmadu Ahidjo ya sa aka yi zaman makoki. Ni abin da na riƙe shi ne ƙarar guduma a bariki, ana buga ƙusa a akwatunan katako, da gwanjon kujeru da tangaran, da wani kuku maƙwabcinmu da ya dawo gida da butar shayi mai tsagaggen baki ya zauna a ƙofar gida bai san inda zai je da safe ba. Kawu ya maƙala lambobinsa a gaban riga ya tsaya a bakin hanya tun hantsi. Motocin suka wuce da kaya. Ya dawo ya nemi ruwan alwala.

Sauran duk ta rediyo muka ji, don zuwa lokacin Kawu ya sayi tasa, yana manna kunnensa mai ji a jikinta idan BBC ta buɗe. A 1965 Janar Welby-Everard ya miƙa sojan Nijeriya ga Aguiyi-Ironsi ya tafi. A Nuwamba 1967 Turawan Ingila suka bar Aden. A Janairu 1968 Firayim Ministan Ingila Harold Wilson ya ce za su kwashe sojojinsu daga Singafo da Maleshiya da Tekun Fasha, aljihu ya gaza. Kawu ya ce in ƙara faɗa masa, na faɗa da ƙarfi. Sai ya tambaye ni wa zai riƙa share kaburburan abokansa da aka bari a Bama.

Inna kuwa, da muka shiga Nijeriya sai aka ce matan Arewa ba sa zaɓe. Ta bar takardarta a adudu, zaɓen 1964 ya zo ya wuce tana tsakar gida tana surfe. A 1979 ni na kai ta rumfar zaɓe a bayan babur, tana riƙe da rigata tana ce mini in rage gudu.